Shin koyar da yaro da Hausa a ajin farko zai hana shi iya Faransanci?

Wani ƙanena a wannan aiki namu na koyarwa, wanda yake riƙe da wata makarantar firamare a bayan garin Tahoua, ya aiko mini da tambaya, ya kuma yarda in amsa masa a fili domin wasu su amfana. Ya ce tun da aka fara koyar da ƴan ajin CI, wato ajin farko, karatu da lissafi da Hausa a makarantarsa, iyaye suke ta zuwa da ƙorafi iri ɗaya, cewa su ba su kawo ɗansu lakol don ya koyi abin da yake ji a tsakar gida ba, Faransanci suke so ya iya domin da shi ake cin jarrabawa a samu aiki. Har mutum biyu sun cire ƴaƴansu sun kai su makarantar kuɗi. Yana so ya san abin da masu bincike suka gano a kan wannan batu, da kuma abin da zai gaya wa iyayen a taron kwamitin makaranta ba tare da ya yi musu alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Malam darakta, Allah ya taya ka riƙo. Kafin in shiga maganar bincike, ina roƙonka ka ɗauki ƙorafin iyayen nan da muhimmanci, domin suna da hujjarsu. Uban da ya san cewa takardar jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolej da Faransanci take zuwa, ta bak, wato ta shiga jami'a, ma haka, kuma ya ga manyan ma'aikata suna kai nasu ƴaƴan inda ake fara Faransanci tun daga ajin reno, dole ya yi zargin cewa ɗan talaka ne kawai ake so a tsayar a Hausa. Burinsa da naka ɗaya ne: yaron ya iya Faransanci sosai, ya iya lissafi, ya wuce kolej. Saɓaninku a kan hanya ne, kuma a kan hanyar ce bincike yake da abin faɗa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa yaro sau ɗaya yake koyon karatu a rayuwarsa. Gane cewa wannan zanen da ke kan allo yana tsaye ne a madadin wani sauti, cewa ana haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, gaɓoɓi su ba da kalma, kuma kalmar tana nufin wani abu da aka sani, wannan ganewa idan ta zauna a kan yaro ba ta sake tashi, ko da ya koma wani harshe. Wani masani mazaunin Kanada, Jim Cummins, ya bayyana wannan tun a 1979, inda ya nuna cewa ƙwarewar karatu da tunani da aka gina a harshen farko tana ƙetarawa zuwa harshe na biyu muddin yaron yana samun harshe na biyun yadda ya kamata. Mu da muka yi makarantar allo mun san wani ɓangare na wannan a jikinmu, domin wanda ya wuce babbaƙu da farfaru, ranar da aka ɗora masa takardar ajami ba ya komawa farko. Baƙaƙen ya riga ya san su, kuma maganar da ke ciki tasa ce.

To, yaron da ya shigo CI yana ɗan shekara shida ko bakwai, yana zuwa da dubban kalmomin Hausa a kansa, ya iya ba da labari, ya iya gardama, ya iya kai saƙo kasuwa ya dawo da amsa. Idan aka fara masa karatu da Hausa, aiki ɗaya ne a gabansa, wato gane baƙaƙe da haɗa su, kuma duk lokacin da ya haɗa “ra” da “go” ya ji “rago” ya fito daga bakinsa, kunnensa ne zai shaida masa cewa ya yi daidai. Idan kuwa da Faransanci aka fara masa, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: yana fama da baƙaƙe, yana kuma fama da harshen da bai taɓa ji ba, kuma ko ya haɗa kalmar daidai babu abin da zai gaya masa cewa ya dace, tun da bai san ma'anarta ba. Ga shi rubutun Faransanci yana da nasa wahalar. Sautin “o” kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau, wani lokaci a ƙara masa baƙin da ba a furtawa a ƙarshe. Rubutun Hausa na boko ba haka yake ba, kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake ɗauka. Yana da nasa giɓin, domin ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa “gari” na mutane da “gari” na tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda, amma mai jin harshen yana raba su daga jimlar ba tare da ya tsaya ba.

Abin da ke faruwa idan aka ɗora kayan biyu tare, na gan shi da idona ba sau ɗaya ba a shekarun da na yi ina zagayen azuzuwa. Akwai wani ajin CE1, wato aji na uku, a wani ƙauye na Adar, rumfar kara ce, yara sun fi saba'in a kan tabarmi. Malamin ya rubuta jimla uku a allo, ya kira wani yaro, yaron ya tashi ya karanta su tiryan-tiryan da murya mai daɗi, yana bin sandar malamin. Na nemi izini na karɓi alli, na sake rubuta jimla ta biyu amma na juya tsarin kalmominta, na ce ya karanta. Ya maimaita ta yadda take da farko, yatsarsa tana kan wata kalma bakinsa yana faɗin wata. Hadda ya yi, kuma hadda mai kyau, domin yaron yana da ƙwaƙwalwa. Da na tambaye shi da Hausa me jimlar take cewa, sai ya sunkuyar da kai. Shekararsa ta uku ke nan a lakol. Malamin ma ba malalaci ba ne. Yana yin abin da aka yi masa ne yana yaro, a zamanin da ake rataya wa wanda ya yi Hausa a farfajiyar makaranta alamar horon nan da ake kira sambol.

Lissafi ya fi ba ni tausayi, domin a nan ne ake ganin ilimin da yaro ya zo da shi ana zubar da shi a ƙofar aji. Yarinyar da take tallar ƙosai da safe, idan ka sayi na dala talatin da biyar ka miƙa mata dala ɗari, kafin ka rufe baki ta ba ka canjin dala sittin da biyar. Ita ce kuma za ta zauna a aji a rubuta mata 500 a cire 175 cikin wata doguwar jimlar Faransanci, ta kasa, a ce ba ta da kan lissafi. Lissafin da aka tambaye ta shi ne wanda ta yi da safe. Abin da ya tsaya mata shi ne harshen tambayar, da kuma cewa babu wanda ya taɓa zama ya nuna mata cewa dala ɗaya faran biyar ce, don haka lambar da ke jikin kuɗi ninki biyar ce ta abin da bakinta yake faɗa. Malamin da yake koyarwa da Hausa zai iya buɗe mata wannan a darasi biyu, da tsabar kuɗi a kan tebur. Ka kuma tuna yadda Faransanci yake ƙirga 97, wato huɗu sau ashirin da goma da bakwai, abin da yake sa yara su rubuta lambobi barkatai idan ana yi musu shifta, alhali “casa'in da bakwai” yana nuna gomomi a gefe, ɗaiɗai a gefe, daidai da yadda ake rubutawa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijar, kuma yana da kyau iyaye su san haka. Hukumar UNESCO ta ba da shawarar fara karatu da harshen uwa tun a 1953. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne da ya yi karatunsa mai zurfi a Faransa, amma a littafin da ya wallafa a 1964 a kan ilimi a Afirka ya tsaya kai da fata cewa sai an koyar da ƴaƴan Afirka da harsunansu. A 1966 aka yi taron Bamako da ya daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsunan yankin, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Tsarin shi ne a yi shekaru ukun farko da harshen yaro, ana shigar da Faransanci sannu a hankali, daga aji na huɗu Faransanci ya karɓi ragama. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Abin takaicin shi ne makarantun sun shafe shekaru kusan talatin suna amsa sunan gwaji, yawansu bai wuce ƴan gommai ba, kuma sau da yawa tafiyarsu tana rataye ne a kan tallafin waje.

An auna su kuwa. A awon da aka yi wajen shekarar 2000, wanda wani mai bincike, Mart Hovens, ya wallafa sakamakonsa a 2002, an gwada ɗaliban makarantun gwaji da na makarantun da aka saba, aka samu cewa waɗanda suka fara da harshensu sun fi iya karatu da rubutu, har a Faransancin kansa. An kuma lura cewa azuzuwansu sun fi rai, yara suna tambaya suna ba da amsa, kuma ƴan karkara da ƴan mata ne suka fi cin ribar tsarin. Ina ba ka wannan da sharaɗi guda, wanda duk mai gaskiya a cikin masu bincike zai faɗa maka: makarantar gwaji takan samu kulawar da sauran ba sa samu, malamanta sukan samu ƙarin horo, don haka ba duk ribar ce za a jingina wa harshe ba. Amma ko an rage wannan, abin da iyayenka suke tsoro, wato Hausa ta toshe wa yaro Faransanci, awon bai nuna shi ba.

Ka haɗa wannan da abin da awon PASEC, wanda yake auna karatu da lissafin ƴan firamare a ƙasashen Afirka, ya nuna game da tsarin da iyayen suke so a koma. A 2014 an auna ƙasashe 10 na Afirka masu amfani da Faransanci, aka samu cewa a Nijar, cikin ɗaliban da suke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, a lissafi ma haka. A awon 2019, wanda ya haɗa ƙasashe 14, an samu ci gaba, karatu ya kai wajen uku cikin goma, amma har yanzu mafi yawan yaranmu suna gama shekara shida ba su iya karanta shafi su gane ba. Waɗannan yara kusan dukansu da Faransanci aka koyar da su tun ranar farko. A awon 2014 ɗin, ƙasar da ƴan ajin farko-farkonta suka yi wa kowa nisa ita ce Burundi, ƙasa matalauciya kamar tamu, inda ake fara karatu da Kirundi, harshen da kusan kowane yaro yake ji a gida.

Daga wajen ƙasarmu akwai shaidu da dama, kuma ba dukansu suke faɗin magana mai daɗin ji ba. A Najeriya, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife sun fara wani gwaji a 1970, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Ingilishi kuma aka riƙa koyar da shi a matsayin darasi a hannun malaman da aka horar musamman; yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, kuma sun fi su a sauran darussa. A Afirka ta Kudu, Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun bi bayanan dubban makarantu, suka wallafa a 2016 cewa yaran da aka koyar da harshen gida a aji ɗaya zuwa uku sun fi iya Ingilishi a aji huɗu zuwa shida. A Habasha, inda dokar 1994 ta ba da damar koyarwa da harshen yanki har shekara takwas, yankunan da suka cika shekarun takwas sun fi waɗanda suka yi saurin komawa Ingilishi sakamako a awon aji na takwas.

Amma ga Kamaru. A yankin da ake jin harshen Kom an fara gwaji a makarantu 12 a 2007, shekara uku da harshen gida sannan a koma Ingilishi gaba ɗaya. A shekarun ukun, yaran gwajin sun yi wa sauran fintinkau, amma da aka kai aji na biyar, bayan an yanke harshen gida, tazarar ta ragu ƙwarai. A Kenya ma, Benjamin Piper da abokan aikinsa sun samu cewa koyar da karatu da harshen gida ya gyara karatun yara a wannan harshe, amma bai ƙara musu komai a zo a gani a Ingilishi ba cikin ɗan lokacin da aka auna, kuma an sha wahala a inda malamai ba sa jin harshen yaran. Wannan ne ya sa nake ganin babban haɗarin da ke gabanka yana CE2, wato aji na huɗu, inda ake juyawa zuwa Faransanci. Wani babban nazari da aka yi wa ƙungiyar ADEA mai neman bunƙasa ilimi a Afirka a 2006, wanda ƴar ƙasarmu Farfesa Hassana Alidou tana cikin marubutansa, ya kai ga cewa yaro yana buƙatar shekara shida zuwa takwas yana koyon harshe na biyu a hannun malami mai kyau kafin ya iya ɗaukar dukan darussa da shi. Dalilin a fili yake. Faransancin gaisuwa da na “tashi, zauna, buɗe kaye” daban yake da Faransancin da ake bayyana rabon gado na lissafi ko zagayawar jini da shi, kuma shekara uku ba ta isa a tara kalmomin na biyun. A ra'ayina, tsarin shekara uku ya fi babu nesa ba kusa ba, amma gajere ne, kuma ina fatan masu tsara manhaja za su bar Hausa ta ci gaba da ɗaukar wani kaso na darussa har CM2, ajin ƙarshe na firamare.

Yanzu sai maganar malami, wadda ita ce ta fi kowace nauyi, domin harshe ba ya koyar da kansa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da aka buɗe ƙofar ɗaukar malamai ƴan sa-kai sannan ƴan kwantiragi domin a kai lakol kowane ƙauye, yawan ɗalibai ya ninka, amma an tura dubban matasa aji da ɗan gajeren horo ko ma babu, a kan albashin da bai kai na ma'aikacin dindindin ba kuma yakan yi jinkiri. Wani nazari da Jean Bourdon, Markus Frölich da Katharina Michaelowa suka wallafa a 2010 ya kwatanta Mali, Togo da Nijar, ya samu cewa tsarin kwantiragi ya yi amfani a Mali inda al'umma suke da hannu a ɗaukar malamin da sa masa ido, amma a Nijar sakamakon ɗalibai ya nuna akasin haka. A 2017 da aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, wajen ɗaya cikin uku ne suka samu matsakaicin maki. Ban kawo wannan don in ci mutuncin kowa ba. Na horar da da yawa daga cikinsu, na san masu kwana a ɗakin ajiyar makaranta saboda babu gidan haya a ƙauyen, kuma su ma ƴaƴan wannan lakol ɗin ne da ta koyar da su da harshen da ba su ji ba. Abin da nake so ka gani shi ne malamin da Faransancinsa yake da rauni, idan aka tilasta masa yin awa shida da shi, zai fake ne a bayan kwafi da hadda, amma da Hausa zai iya yin bayani, ya ji inda yaro ya ɓata, ya gyara masa.

Sai dai jin Hausa daban, iya koyar da ita daban. Yawancin malamanmu ba a taɓa koya musu rubuta Hausa ba. Za ka ga malami ya rubuta “tch” a inda ake sa c, ya rubuta “ou” a inda ake sa u, ya bar ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, har “ƙasa” ta koma “kasa”, “ɗaki” ya koma “daki”. Ƙa'idar rubutun tana nan, an tsayar da ita a hukumance tun 1999, kuma mako biyu na aiki da gaske sun isa malami ya kama ta; ka nemi taimakon masu ba da shawara na ofishin sufeto, ko malaman makarantar horon malamai ta Kaocen da ke nan Tahoua, ka kuma sa wannan a zaman da malamanku suke yi don ƙara wa juna sani. Ka ja kunnen malaminka a kan Adaranci, wato Hausar Adar. Yaron da ya rubuta “tahi” a maimakon “tafi”, ko “hwari” a maimakon “fari”, ya yi abin da ake nema a gare shi, wato ya ji sautin bakinsa ya sa masa baƙi. A yaba masa tukuna, sannan a nuna masa yadda ake rubutawa a littafi. Idan aka ja masa jan biro a ce Hausar gidansu kuskure ce, an maimaita masa abin da sambol ya yi mana, da wani harshen kawai.

Akwai kuma abin da bai kamata mu Hausawa mu yi shiru a kansa ba. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma na san mutane da yawa sun yi murna. Amma abin da bincike ya tabbatar shi ne amfanin harshen da yaro yake ji, ko wane ne. A jiharmu, daga Abalak zuwa Cintabaraden da Tasara, akwai yaran da Tamajak ko Fulatanci ko Larabci ne harshen gidansu, kuma ɗan makiyayin da bai taɓa zama cikin gari ba, Hausa a wurinsa tana iya zama baƙuwa kamar Faransanci. Don haka ka bincika ajinka tun makon farko, ka san yara nawa ne ba sa jin Hausa sosai, ka zaunar da kowannensu kusa da wanda yake jin harsunan biyu, malamin kuma ya ba su ƙarin lokacin magana kafin ya matsa musu da baƙaƙe.

Game da abin da za ka yi a makarantarka, ba a fafe gora ranar tafiya: shirin CE2 daga CI yake farawa. Kada a wayi gari ko sau ɗaya ba a yi Faransanci na baki ba, ko da na rabin awa ne, da waƙa, da wasa, da sunayen abubuwan da ke cikin aji, da ƴan jimlolin da yaro zai faɗa da kansa, ana ƙara yawansu kowane wata. Idan karatun Hausa ya zauna, a shiga rubutun Faransanci ta ƙofar abin da yaro ya sani, a ce masa b da d da m da l duk yadda ka san su suke, ga kuma waɗanda suka sauya hali, irin su c da u da j, ga sababbin sautuka irin su p da v da wasulan hanci, a ba waɗannan lokacinsu na musamman. A CE2 da CM (aji na biyar da na shida) kuma kada ka hana malami komawa Hausa idan zai buɗe sabon darasi mai wuya; ya bayyana da Hausa har a gane, sannan ya ba da kalmomin Faransancin, yara su yi aikin da su. Ka kuma tsare lokaci, domin shekarar da ake buɗewa a Oktoba amma rumfa ba ta tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, sannan ruwan farko ya tashe ta, ta riga ta cinye wata biyu ko fiye daga karatun yaro, kuma babu harshen da zai rama wannan.

Ka auna yaranka da kanka, kada ka jira wani awo daga Yamai. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da wata hanya mai sauƙi wadda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suka gwada sau da yawa suka ga tana aiki: a kira yaro shi kaɗai, a ga ko yana gane baƙi, ko kalma, ko gajeren sakin layi, ko labari, sannan a raba yara rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa ajinsa ba, a ba su awa ɗaya a rana a kan abin da ya tsaya musu. Takarda ɗaya ta isa, kuma minti biyar ne ga kowane yaro. Kwamitin makarantar da za ka tsaya a gabansa ma yana da tarihi a nan, domin a jihar Tahoua ne aka fara shirin Makaranta don Kowa da tallafin Japan a 2004, inda iyaye suke zaɓen wakilansu da ƙuri'ar sirri su tsara aikin shekara, kafin a yaɗa shi ko'ina cikin ƙasa. Daga baya kuma ta hannun waɗannan kwamitoci ne aka shirya ƙarin awoyin lissafi bayan an tashi, da matasan gari masu sa kai.

Ranar taron, kada ka fara da sunayen masu bincike. Gani ya kori ji. Ka roƙi wani uba ya faɗi magana biyu ko uku daga bakinsa, irin saƙon da zai aika wa ɗan'uwansa da ke ci-rani a Abijan, ka rubuta a allo yaran suna waje, sannan ka kira ƴar CI ko CP, wato aji na biyu, ta shigo ta karanta, ta kuma faɗi abin da ake nufi. Bayan haka malamin ya yi ɗan darasin Faransanci na baki da yaran a gaban iyayen, domin su ji da kunnensu cewa ba a ajiye shi ba. Abin da za ka iya yi musu alkawari shi ne cewa za ka auna kowane yaro sau biyu a shekara, a Janairu da kuma Mayu, a karatun Hausa, da Faransanci, da lissafi, ka karanta musu sakamakon a taro, har da inda aka gaza. Kada ka ce musu ɗansu zai riga ɗan makarantar kuɗi fara Faransanci a baki, domin a shekara biyun farko mai yiwuwa ne wancan ya fi shi yawan kalmomi, musamman idan ana yin harshen a gidansu. Kwatancen da ya dace sai a CM, kuma a kan karanta shafi a bayyana abin da ya ce. Su kuma mutum biyun da suka cire ƴaƴansu, ka je har gida ka gaishe su, ka gayyace su taron watan Mayu, ka ce su zo da yaran a auna su tare da sauran idan sun yarda.